Kamun Ƙafar da Gwaggo Ta Yi Mana

Jama'a, yau sai kun yi haƙuri da ni. In kun ga na maimaita magana ko na tsallake wata, ku yafe min.

Ga waɗanda yau suka fara biyo ni, ni ce autar gidanmu, kowa Auta yake ce min har mai shagon bakin layi. Saura wata biyu a ɗaura min aure da wanda duk gidanmu ke kira Jakada. Bari in wanke kaina tun yanzu, ba jakada ba ne. Ƙaramin jami'i ne a ma'aikatar harkokin waje, teburinsa ma a bayan ƙofa yake, kusa da injin buga takardu. Gwaggo, yayar Abba, ita ta laƙaba masa sunan ranar da ya fara zuwa gaisuwa cikin baƙar kwat da takalmi mai sheƙi. Ya yi ta cewa, "Gwaggo da saura tukuna," ita kuwa ta ce bakinta alheri ne. Shi ke nan suna ya bi shi.

Ga yadda aikinsu yake. Ƙasarmu tana da ofisoshin jakadanci a ƙasashe da yawa, manya a manyan birane, ƙanana a garuruwan da mutanenmu suka taru don kasuwanci ko karatu. Su ne masu sabunta fasfo, su bi wanda aka kulle, su nemo wa wanda ya maƙale hanyar komawa gida. Duk jami'in da ya gama shan wahalar hedikwata, wata rana sai a tura shi ɗaya daga ciki ya yi shekara uku. Bana layi ya zo kan Jakada. Sai dai wuraren ba ɗaya suke ba. Akwai inda ake ba ka gida ka tafi da iyalinka. Akwai kuma inda ƙasar ke cikin rikici, ma'aikata a harabar ofis suke kwana, bayan doguwar katanga, ba a zuwa da mace balle yaro. Su a tsakaninsu gidan gwauraye suke ce wa irin wannan wurin.

Abin da ya sa wannan ya zame min tashin hankali kuwa, Abba ne. Mijin Yaya, 'yar'uwata, ya tafi aiki wata ƙasa 'yan watanni bayan aurensu, da alkawarin zai aiko ta bi shi. Yau shekara ta biyar ke nan Yaya tana ɗakinta na 'yanmatanci, 'yarta ba ta san ubanta ba sai a fuskar waya. Don haka ranar da manyan Jakada suka zo, Abba bai ɓoye musu ba.

"Na aurar da ɗaya ga waya, ba zan ƙara ba. Duk inda za a tura shi, ƙafarsa ƙafarta. In ba haka ba, kowa ya riƙe nasa."

Kun san Abba ba ya magana biyu. Ke nan aurena gaba ɗaya yana hannun wani mutum da ban taɓa gani ba, Daraktan da ke rabon wurare.

Ranar Asabar Jakada ya zo, muna zaune a baranda, ya rage murya ya ce min wannan satin za a yi rabon.

"Auta, ki rufa min asiri, kar ki gaya wa kowa. Ko Umma."

"Haba dai, sai ka ce wata yarinya?"

"Ba wasa nake ba. Mutumin nan ba abin da ya tsana irin kamun ƙafa. Duk wanda aka yi wa magana, ko da kawunsa ne ya buga waya, gidan gwauraye yake tura shi don ya zama darasi. Kowa a ma'aikata ya sani. Lokacin rabo ko doguwar gaisuwa ba a yi masa."

Na yi masa alkawari har da rantsuwa. To amma ku gaya min, wace 'ya ce za ta kwana biyu tana juya cokali a faranti uwarta ba ta gane ba? Umma ta tsare ni a kicin ta ce in ban faɗi abin da ke cina ba, ba za ta ƙara yi min magana ba. Na faɗa. Wallahi har gargaɗin na faɗa mata, kalma da kalma. Ta taɓe baki ta ce, "Duk haka suke cewa." Na ɗauka maganar ta mutu a nan.

Yau da safe ina guga a falo, na shimfiɗa doguwar rigata mai ruwan toka wadda Jakada ke so, don ya ce daga ofis nan zai wuce. Sai ga saƙonsa.

"Albishirinki."

"Faɗi mana, gabana faɗuwa yake."

"Abokina na ofishin Darakta ya raɗa min jiya. Ƙaramin ofishinmu na wani gari a bakin teku. Gida mai ɗaki biyu, ana zuwa da iyali. Yau za a kira mu ɗaya bayan ɗaya a tabbatar. Ki yi shiru har in zo."

Na ajiye dutsen guga na yi tsalle ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya. Har na fara tunanin launin labulen da zan saka. Ina cikin haka na ji sallamar Gwaggo, ƙamshinta ya riga ta shigowa. Ta sha leshi mai nauyi, mayafi ya sha ninki a kafaɗa, jaka a hammata, tana taku ɗai-ɗai irin na wadda ta ci zaɓe.

"Ina uwar taki? Ku zo ku yi min godiya, na gama muku aiki."

Umma ta fito daga ɗaki tana gyara ɗankwali, ta ƙi yarda mu haɗa ido. A nan jikina ya fara ba ni.

"Wane aiki, Gwaggo?"

"Ke tafi can, maganar manya ce." Ta zauna ta tuɓe takalmi. "Ashe matar Daraktan nasu wurin mai ɗinkina take kai kaya. Na ce to, zuwa da kai ya fi aike. Jiya da yamma na ɗauki turare mai tsada da yadi biyu na same ta har gida. Mace mai kirki, ta karɓe ni hannu bibbiyu. Na ce mata ɗanmu ne, ango ne, a taimaka a ba shi wuri mai sanyi inda zai tafi da amaryarsa. Na rubuta mata sunansa ɓaro-ɓaro."

Innalillahi. Jama'a, sai na zauna a hannun kujera. Sai da na ji ƙauri na tuna da dutsen guga, ya riga ya cinye min gefen riga.

"Umma, ba na gaya miki ba? Ba na gaya miki abin da ya ce ba?"

"Ki rage murya," in ji Umma. "Ni uwa ce. In zauna in naɗe hannu aurenki yana lilo? Wa kika taɓa gani ya samu abu a ofis ba wanda ya tsaya masa?"

"Rabu da ita," in ji Gwaggo. "Yaran yanzu ba su san duniya ba. Babu babban da ba ya son a girmama shi. Wanda ya ce ba ya son kamun ƙafa, ba a iya kama masa ba ne."

Na durƙusa a gabanta na riƙe gwiwoyinta. "Gwaggo, don girman Allah ki kira ta yanzu. Ki ce kar ta gaya masa. Ki ce zumunci kawai kika je. An riga an ba shi wuri mai kyau, yau za a tabbatar."

Ta dube ni sheƙeƙe. "To ai kin ga aikina ke nan."

"Tun kafin ki je aka ba shi!"

Umma ce ta fara tsorata, na gani a idonta. Ta ce wa Gwaggo, "Yaya, kira ta ɗin dai, ba a sani ba." Gwaggo ta yi tsaki, ta lalubo waya daga ƙasan jaka, ta saka tabarau, ta ɗau lokaci tana neman lamba ni kuwa kamar in fizge. Ta buɗe murya don mu ji. Bayan gaisuwa da tambayar gajiyar jiya, matar ta ce:

"Ai kar ki damu, na isar da saƙonki tun da safe yana shan shayi. Bai ce komai ba, amma ya karɓi takardar ya saka a aljihu. Har turaren ma ya ce in ba shi ya tafi da shi."

Gwaggo ta kashe waya tana washe baki. "Kun ji ko? Ya saka a aljihu! Har turare ya yaba."

Ni dai na miƙe na shige ɗaki. Na ɗauki waya na rubuta, "Akwai abin da ya faru," na goge. Na rubuta, "Ka yafe min," na goge. In na gaya masa yanzu me zai yi? Ya shiga wurin Darakta ya ce ba da yawunsa ba, shi ma ai magana ce. In na yi shiru kuma ya shiga yana murmushi bai san abin da ke jiransa ba. Daga ƙarshe na kira, wayar a kashe. Dama ya ce min a bakin ƙofa ake karɓe musu wayoyi ranar rabo.

Yaya ta shigo da kwandon wanki ta same ni na haɗa kai da gwiwa. Ta ji komai daga tsakar gida. Ba ta ce min ki yi haƙuri ba, ta zauna a bakin gado tana ninke kayan 'yarta.

"Yaya, kina ganin zai aikata?"

"Ban san shi ba, Auta."

"In ya aikata fa? Shekara uku ce kawai. Ai zan iya jira, in Abba ya yarda."

Ta ɗago ta dube ni. Yaya kyakkyawa ce, amma sai yau na lura da yadda ƙasan idonta ya yi duhu. "Ni ma shekara ɗaya aka ce min," ta ce, ta ci gaba da ninki.

Haka na yini. Na yi sallar azahar ban san me na karanta ba. Duk motar da ta wuce sai na ɗaga labule. Saƙon da na tura daga baya, "Ka kira ni da zarar ka fito," yana nan bai shiga ba. Gwaggo kuwa tana falo tana kiran dangi ɗaya bayan ɗaya, tana cewa su fara shirin ziyara ƙasar waje, ɗanta Jakada zai ba kowa biza. Ban san lokacin da na toshe kunne da filo ba.

Bayan la'asar saƙona ya shiga. Ya karanta. Bai amsa ba. Wayyo Allah, da zagi ya turo min da ya fi min sauƙi. Na zura wata riga ko dubawa ban yi ba, na yafa mayafi na tsaya a baranda. Ba a jima ba ƙaramar motarsa ta tsaya a ƙofar gida. Ya fito, ya cire kwat ya rataya a hannu, abin wuyan nan ya sassauta shi. A ɗaya hannun kuma jakar takarda ce mai ruwan zinare. Ban taɓa ganinta ba, amma na gane ta.

Ya ajiye ta a kan teburin baranda a hankali.

"Darakta ya ce in mayar wa surukaina. Ya ce in gaya musu ya ji saƙo."

"Ina aka tura ka?"

Ya faɗi sunan ƙasar. Ita ce wadda kullum ake nuna hayaƙinta a labarai.

"Ya nuna min inda sunana yake jiya, ya nuna min inda yake yau. Ya ce da ya ɗauka ni mai natsuwa ne." Ya yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo. "A gaban mutum huɗu, Auta. Shekara bakwai ina lallaɓa sunana a ma'aikatar nan."

"Ni ce," na ce, hawaye na zuba. "Ni na gaya wa Umma, Umma ta gaya wa Gwaggo. Wallahi na faɗa musu kar..."

"Na sani. Ke kaɗai na gaya wa."

Bai ɗaga murya ba, bai harare ni ba. Na so a ce ya yi.

Umma da Gwaggo suka fito da guɗa a baki, sai suka yi arba da jakar. Gwaggo ta kalle ta, ta kalli Jakada. Garin neman gira an rasa ido. Ta fara cewa wataƙila turaren ne bai yi masa ba, a bari ta koma da wani. Jakada ya ce, "Gwaggo, don Allah a bar shi haka." Karon farko da na ga an ce wa Gwaggo ta bari ta bari.

Umma ta matso tana raɗa. "Ɗana, ka saurare ni. Abbansu yana hanya. Ka ce masa ba a yi rabon ba tukuna. A ɗaura auren nan, in an ɗaura ai magana ta ƙare."

Kunya ta kama ni, domin a raina na so ya ce to. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Umma, ba zan fara zama ɗan gidan nan da ƙarya ba."

Abba ya dawo daf da magariba. Ya zauna a kujerarsa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, Jakada ya durƙusa a kan kafet. Ni ina bayan labulen ƙofar ɗaki, Yaya tana riƙe da hannuna.

"Na ji an ce yau aka yi muku rabo. Ina muka samu?"

Jakada ya faɗa. Ya ƙara da cewa shekara uku ce, ba a zuwa da iyali, hutu sau ɗaya a shekara in hanya ta yi kyau.

Abba ya ɗago ya dube shi. "Yaya aka yi haka? Na ji ana cewa ana sa ran alheri."

Gwaggo ta miƙe wai za ta duba ruwa a kicin, ita da ba ta taɓa dafa ko shayi a gidanmu ba.

"Rabo ne, Abba," in ji Jakada. "Haka Allah ya tsara."

Ya rufa musu asiri, ya rufa min. Umma ta sa gefen mayafi ta rufe fuska.

"Yaro, ina son ka," in ji Abba, muryarsa ta yi ƙasa. "Ban taɓa ganin abin ƙi a tare da kai ba. Amma ka ga ɗakin can? Kullum in na wuce ina jin kukan da ake ɓoye min. Ni na sa hannu a wancan, ba zan sa a na biyu ba. Ba zan kuma ce ta zauna shekara uku tana jiran wanda ke kwana cikin ƙarar bindiga ba. Maganata tana nan. Ka gaya wa manyanka, ko ni in kira su."

Hannun Yaya ya yi sanyi a cikin nawa. Jakada ya ce, "Na gode, Abba," ya miƙe.

Ban nemi izinin kowa ba na bi shi waje, ko takalmi babu. Ya buɗe mota ya tsaya riƙe da ƙofar, bai shiga ba. Ana ta kiran salla, mutane na wucewa suna kallonmu, ban damu ba.

"Shi ke nan?" na ce. "Haka za ka tafi?"

"Akwai hanya ɗaya." Ya dube ni sosai, idanunsa sun yi ja. "Ba a ƙin wurin da aka tura mutum. Wanda ya ƙi, aikin yake ajiyewa gaba ɗaya, kuma ba a dawowa. Gobe da safe kowa zai sa hannu ya karɓi nasa. In ban sa ba, na zama ba kowa ba, amma ina gari, Abba ba shi da hujja."

Na san abin da aikin nan yake a wurinsa. Sau uku ya zauna jarrabawar shiga kafin ya samu. Mahaifiyarsa ta saka hotonsa na ranar farko a ofis a bangon falonta, shi take fara nuna wa baƙo kafin ta ba shi ruwa. Ƙannensa biyu a hannunsa suke.

"Ni na kasa zaɓa, Auta. Tun daga ofis nake juya abin, na kasa. Ki ce in ajiye, wallahi in ajiye, ba kuma zan taɓa yi miki gori ba. Ki ce in tafi, in tafi."

"Kar ka ɗora min wannan. Ni na ɓata, kuma ni zan..."

"Ke kaɗai zan iya ji daga bakinki."

Ya shiga mota ya ja.

Yanzu ina zaune a ƙasan ɗakina, na jingina da gado. Gwaggo ta sulale ta tafi ba sallama. Umma ta ƙwanƙwasa sau biyu ban buɗe ba. Ina son shi, jama'a, ina son shi har ina jin tsoron kaina. Na buɗe wayata, sunansa yana sama, alamar yana kan layi tana kunne, ya kasa rubutu yana jirana. Na rubuta "Ka ajiye." Kalma biyu ce, in na danna na samu miji. Na riga na raba shi da garin bakin teku da bakina, yanzu kuma ga yatsana a kan abin da ya rage masa.